Lirwanu Mai Garmaho da Sarewar Baffa Hayatu

Shagon Lirwanu yana bakin hanyar da ta nufi kasuwar Anka, tsakanin rumfar mai faci da wani kyamis. Allon da ke saman ƙofar ya ce ana gyaran rediyo da talabijin, amma yau wajen shekara goma ke nan abin da aka fi kawo masa shi ne tocila, fanka mai caji da cajar waya. Ni sunana Mas'ud, malamin firamare ne, gidana yana bayan shagon, kuma bencinsa ne majalisata idan an tashi daga makaranta. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, sauran kuma daga bakinsa na ji.

A Bukkuyum aka haife shi. Mahaifinsa, Malam Nuhu, injin niƙa gare shi, don haka Lirwanu cikin ƙarar inji ya tashi. Ya ce tun yana ƙarami yakan gane bel ɗin injin ya saki daga can cikin gida, da kunne kawai, kafin masu jiran niƙa su lura garin ya fara fita da tsaki. Da ya kai shekara sha bakwai aka kai shi Gummi koyon gyaran rediyo. Lokacin garmaho bai mutu ba tukuna. Masu shayi suna da shi, ma'aikata suna da shi, duk saurayin da ya dawo daga birni da ɗan abin hannu sai ya riƙo nasa. Lirwanu ya shekara shida yana buɗe cikinsu yana rufewa, ya ƙware, sai kaset ya shigo ya kore su gaba ɗaya.

Mutane suka riƙa jefar da su a bayan ɗaki, shi kuma yana bi yana tsincewa. Da ya auri Atine, wadda tela ce, suka dawo Anka, rabin kayan da aka ɗora wa motar garmaho ne da faya-fayai. Atine har yau takan ce ita dai ba ta san wanda aka yi wa jere ba, ita ko su. Lokacin da haƙar zinariya ta bunƙasa, masu niƙa dutse sun riƙa nemansa saboda ya san bel da inji, ya kuma yi musu aiki na ɗan lokaci. Bayan gubar dalma daga ƙurar niƙan dutse ta kashe yara a Dareta a 2010, ya tattara sifanoninsa ya koma shagonsa, bai ƙara taɓa waɗancan injinan ba. Ba ya son maganar, ni ma ba na tayar masa da ita.

Cikin tarin da ya tara, guda uku ne yake ji da su, suna kan kanta a can ƙuryar shago, an lulluɓe su da wani tsohon zanen Atine. Wata rana na tambaye shi me ya bambanta su, tunda duk faranti ne yake juyawa, allura tana bin faifai. Ya ajiye abin da yake yi, ya dube ni kamar na tambayi bambancin gero da dawa.

"Malam Mas'ud, allura ba ta da wayo," in ji shi. "Duk motsin da taj ji, shi taka kai wa sifika. In motsin waƙa na, ta kai. In rawar inji ta, ta kai. Ba ta san wanga waƙa na, wancan hayaniya ba. To magana duk tana ga yadda inji ka isar da juyi ga faranti."

Ya ɗaga farantin na farko ya nuna mini wata 'yar taya ta roba, ba ta fi bakin kofin shayi faɗi ba. Inji yana juya ta, ita kuma tana gogar cikin faranti tana tura shi. Ya ce wannan ƙarfi gare shi, ba ya kasala, amma idan robar ta tsufa ta bushe, duk gurnanin inji sai ta miƙa shi sama. Na biyu bel ne, siririn zoben roba da ya zagaye ƙasan faranti ya kama kan inji daga gefe. Robar tana shanye rawar inji kafin ta isa wurin allura, shi ya sa sautinsa yake fita wasai, sai dai ranar da bel ya saki, juyin ya dinga tafiya yana tangaɗi. Na uku babu taya babu bel, farantin a kan injin yake zaune kai tsaye. Juyinsa ba ya kuskure, amma tunda babu abin da ya shiga tsakani, idan injin ba mai kyau ba ne za ka ji shi a cikin waƙa.

"To wanne ya fi?" na tambaya.

"Wanda anka kula da shi," ya ce, ya mayar da zanen.

A bazarar 2023 ne, ranar kasuwa, bayan azahar, wata mata ta yi sallama a ƙofar shagon tana riƙe da wani abu a naɗe cikin ɗankwali. A bayanta akwai wani dogon tsoho, siriri, da malafa da sanda. Ta ce sunanta Nana, wannan mahaifinta ne, Hayatu. Makiyaya ne daga yankin Bukkuyum, rashin zaman lafiyar daji ya sa suka dawo gefen gari da zama. Wajen kwashe kaya aka buɗe wata tsohuwar adaka ta marigayiya Innarta, aka sami wannan a ƙasan tufafi.

Ta warware ɗankwalin. Ƙaramin faifai ne, takardar tsakiyarsa ta koɗe, amma jikinsa lafiya lau, ko tsaga babu.

Lirwanu ya wanke hannu kafin ya karɓa. Ya ɗaga shi a haske, ya juya, ya ce, "Baffa, waƙar wa ta?"

Tsohon ya zauna a kan benci ba tare da an ce ya zauna ba. Ya ce waƙar wani mawaƙi ce na ƙasar Gummi, ya daɗe da rasuwa, amma sarewar da ke ciki tasa ce. Yana saurayi mawaƙin ya ji shi yana busa a bakin gulbi, ya matsa masa har ya bar shanu a hannun ƙannensa ya bi su Ikko, wato Legas, inda wani kamfani ya ɗauki waƙa biyu. Aka ba kowa faifai ɗaya. Sau biyu ya taɓa jin sa, a garmahon wani mai shayi, daga nan bai sake ba. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan.

"Yara sun ce ƙarya nika yi," in ji shi, yana hararar Nana. "Wai ban taɓa zuwa Ikko ba."

"Baffa, ni ban ce ba. Jikokinka sunka ce."

"Ke kin yi dariya."

Lirwanu ya wanke faifan da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu, ya bar shi ya sha iska a inuwa. Da yake akwai wuta a ranar, ya jawo mai 'yar taya, don shi ne irin na zamanin faifan. Ya ɗora allura. Aka ji ƙas-ƙas kaɗan, sai kalangu ya shigo, sai murya, sai kuma sarewa ta tashi sama siririya ta tsaya. Nana ta rufe baki da hannu. Ni kuwa na matso kusa da garmahon.

Tsohon kuwa ya karkata kai, ya tsuke fuska.

"Wa yak kawo hadari cikin waƙar ga? Da rani munka yi ta."

Na kasa kunne, sai na ji abin da yake nufi. Can ƙasan waƙar akwai wani gurnani mai kauri, kamar tirela tana wucewa a nesa ba ta gama wucewa. Lirwanu ya yi murmushi har kunne. Na san shi shekara da shekaru, ban taɓa ganin an kushe aikinsa ya ji daɗi haka ba.

"Baffa, kunnenka lahiya lau yake. Tayar ce ta bushe."

Ya ɗauke faifan ya ɗora a kan mai juyi kai tsaye. Hadarin ya tafi. Kalangu ya fito daram, kowane bugu a wurinsa. Tsohon ya fara gyaɗa kai, har aka zo inda mawaƙin da makaɗa suka yi shiru aka bar sarewa ita kaɗai. Nan ya ɗaga sanda.

"Tsaya. Akwai zuma a ciki. Ƙudan zuma guda, shina bina."

Lirwanu ya yarda. Ya ce akwai irin wannan na gidajen rediyo, masu nauyi, waɗanda ko ka kafa kunne ba ka jin injinsu, amma nasa na talakawa ne, farantin ba nauyi, injin kuma ya sha aiki. A cikin kiɗa mai yawa zizar tana ɓuya, sarewa ita kaɗai kuwa ba ta da inda za ta ɓoye ta.

Saura mai bel. Lirwanu ya ɗan yi jim kafin ya ɗora, domin ya san bel ɗin ya shekara ashirin, zafin bazara kuma ya gama da shi. Waƙar ta fara, babu hadari, babu zuma, tsit kamar an share ɗaki. Amma da sarewa ta ja dogon sauti, sai ya dinga hawa yana sauka, yana lilo kamar mai busar ya sha gudu.

Tsohon ya miƙe tsaye.

"Wanga ba ni na ba! Numfashina bai taɓa rawa ba. Ni da nika busa tun daga mashaya har ruga ban yanke ba? In jikokina sunka ji wanga, cewa za su yi tsoron mutanen Ikko ya kama ni."

Nana tana ba shi haƙuri tana dariya, ni ma na kasa riƙe tawa. Lirwanu ya ce a ba shi mako biyu. Wannan garmahon shi ne ya dace da sarewa, bel kawai yake so.

Bel ɗin kuwa babu shi. Ya aika Gusau, babu. Ya buga wa wani tsohon abokin koyon aikinsa a Gummi, mutumin ya yi ta dariya ya ce ko a mafarki ya daina ganin irinsa. Sai Lirwanu ya leƙa rumfar mai faci ya karɓo tsohon tiyub na babur, ya yanko siririn tsiri da reza, ya haɗa bakin biyu da gam. Ya yi kyau a ido. Da aka kunna, duk lokacin da mahaɗin ya zo kan inji sai waƙar ta yi 'yar shaƙuwa. Ya fere mahaɗin, ya sake mannawa a karkace, shaƙuwar ta ragu amma ba ta tafi ba. Ya gwada zaren ɗinki mai kauri, ƙullin ya yi ta tsalle. Kwana biyar yana wannan fama, fankokin mutane suna jira a ƙasa.

Atine ce ta kawo ƙarshen abin. Ta kawo masa abincin rana da kanta, don ya daina komawa gida cin abinci, ta tsaya tana kallon tsirukan roba a zube.

"Malam, mi kaka ta mannawa haka?"

Ya yi mata bayani a gajarce, irin na wanda ba ya sa ran taimako.

"To kai da kaka yanka shi a tsaye," ta ce. "In na yanke ƙafar safa a gicciye, ai zobe nika samu, ba ɗinki ba mahaɗi. Tiyub ba haka yake ba? Nemi mai faɗi ka yanka shi a gicciye."

Lirwanu ya dube ta, ya dubi robar, ya dube ni. Sannan ya tashi ya fita ko takalmi bai saka daidai ba. Atine ta ce mini, "Malam Mas'ud, in ya dawo ka ce mai tuwon na hucewa."

Na babur zobensa ya yi ƙanƙanta, na ƙaramar mota ma haka. Sai da mai faci ya tono masa wani fasasshen tiyub na babbar mota daga ƙarƙashin tarkace aka sami daidai. Ya yanko zobe siriri, ya ɗora, shaƙuwa ta ɓace. Amma sabuwar matsala ta fito: mawaƙin ya koma kamar ɗan yaro, kalangu yana gudu. Robar ta yi kauri, kaurin kuma yana ƙara wa kan injin faɗi, sai farantin ya riƙa wuce ƙa'ida. Ga shi kuma gefe ɗaya na zoben ya fi ɗaya kauri.

Nan aikina ya shigo. Irin wannan ƙaramin faifai juyi arba'in da biyar yake so a minti ɗaya. Na kawo alli daga makaranta, muka yi ɗigo a gefen faranti. Ni ina riƙe da agogon waya, shi yana ƙirga wucewar ɗigon. Ranar farko arba'in da takwas muka samu. Ya cire zoben, ya sa shi a jikin kwalba, ya bi shi da samfefa a hankali, ya mayar, mu sake ƙirgawa. Wata rana da aka ɗauke wuta muka tayar da janareto, lissafin ya rikice gaba ɗaya, yanzu arba'in da shida, an jima arba'in da huɗu. Ashe injin wannan garmahon da bugun wutar yake tafiya, idan janareto ya yi nishi shi ma sai ya yi. Mai kyamis ya ji muna ta gardama, ya miƙo mana wayar wuta daga solarsa ta taga. Daga nan ƙirga ta zauna. Zobe biyu ya tsinke garin gogewa, na uku ya tsaya a arba'in da biyar, mun ƙirga sau huɗu.

Ranar da aka yi alkawari, Baffa Hayatu ya zo da hantsi, da Nana, da jikoki manya guda uku waɗanda suka tsaya a bakin ƙofa suna danna waya. Kafin a kunna, ya zura hannu cikin riga ya fito da wani ɗan bututun ƙarfe da ya yi baƙi don tsufa, da huji huɗu a jikinsa. Ya ce sarewarsa ce, da jikin famfon keke ya yi ta, kuma ita ce ya je Ikko da ita.

"Alli da waya naku na," in ji shi. "Ni ga ma'aunina. Ƙarfe ba shi canza murya."

Aka ɗora allura. Da aka zo wurin dogon sautin, tsohon ya kai sarewar baki ya busa tare da faifan. Sautin biyu suka fito kusa da juna ƙwarai, amma suna ɗan karo, ana jin wani wuu-wuu a tsakaninsu a hankali. Ya sauke ya girgiza kai.

"Saurayin ga ya ɗara ni kaɗan. Shina sama."

Na so in ce mun ƙirga sau huɗu, Lirwanu ya taɓa mini gwiwa. Ya ce ƙirgar minti ɗaya ba ta kama rabin juyi, kunne kuwa yana kamawa. Ya cire zoben, ya sa a kwalba, ya shafa masa samfefa zagaye biyu kacal, ya goge da tsumma, ya mayar. Aka sake.

Wannan karon da tsohon ya busa, ban iya raba su ba. Sauti ɗaya ne, miƙaƙƙe, ya cika shagon ya fita titi, har mai faci ya bar tayar da yake bugu ya leƙo. Numfashin Baffa ya ƙare a tsakiya, ya sauke sarewar, na cikin faifan ya ci gaba shi kaɗai, ya ja, ya ja, bai girgiza ba ko kaɗan har ya sauka inda kalangu yake jiransa.

"Kun ji?" ya ce wa jikokin, idonsa ya ciko amma yana dariya. "Kun ji numfashi? Awo, wanga ni na."

Jikokin sun riga sun daina danna waya, sun ɗaga ta sama suna ɗauka. Lirwanu ya hana su, ya ce haka za su kwashe har da ƙarar babura. Ya haɗa kebul daga garmahon zuwa ɗaya daga cikin wayoyin, aka ɗauki gaba da bayan faifan tsaf. Sau shida aka saka waƙar a ranar. A na huɗu tsohon ya fara kushe mai kalangu, wai tun a Ikko ya gaya masa yana saurin shiga. A na biyar ya ba mu labarin yadda ya ƙi cin abincin can kwana uku, sai burodi da ruwa. Atine ta aiko da fura, ya sha, ya tambayi wadda ta dama, aka ce ita ce ma ta gano yadda za a yanka robar. Ya ce a gaya mata yana da 'yar tunkiya, idan ta haihu ɗan nata ne. Bayan wata huɗu kuwa sai ga Nana da ɗan rago a kan babur.

Faifan yana wurin Lirwanu har yanzu, Baffa ya ce a nan ya fi samun kulawa. Yakan zo ranar kasuwa idan ƙafa ta yarda, ya zauna a benci, a saka masa sau ɗaya, ya sha shayi ya tafi. Waƙar ta zaga wayoyin mutane har Gummi da Bukkuyum, kuma tun daga lokacin mutum bakwai sun kawo faya-fayan da suka tono a gidajensu. Biyu sun lanƙwashe don zafi, ba su saku ba. Ɗaya da aka kawo da ɗoki, ana zaton waƙar kakan mai shi ce, da aka saka sai aka ji darasin koyon Turanci.

Zoben tiyub ba ya wuce wata biyar yake saki, don haka Lirwanu ya yanka guda goma ya adana a cikin gwangwanin madara, ya barbaɗa musu hoda. Ya jiƙa 'yar tayar garmaho na farko a mai ya goge ta, hadarin ya ragu, ko da yake Baffa ya ce har yanzu akwai gajimare. Abin da yake damunsa yanzu allura ce, don ita ba a yanka ta daga tiyub. Guda huɗu suka rage masa. Makon jiya ya ji labarin wani tsohon ma'aikacin gona a Gummi da ya rasu ya bar rediyo mai garmaho a falo, magada suna neman wanda zai raba su da shi. Ya ce in shirya mu je ranar Asabar ko a dace da allura, ni in riƙe masa garmahon a bayan babur.